Kujerar Fata Tsakanin Mubi da Burasel

Ranar da Yayana ya shigo da motarsa 'yar Kwatano, kujerunta na fata farare sol, duk unguwarmu a Mubi sai da aka zo kallo. Ba a yi wata biyu ba jarkar manja ta tuntsure a kujerar baya. Yaron da ke wankin mota a bakin kogin Yedzaram ya ce, "Alhaji, bar ni da ita." Ya jiƙa tsumma da fetur, ya bi da omo da buroshin wanki. Manja ya fita, amma ya tafi da launin kujerar, kuma kafin hunturu ya wuce wurin ya tsattsage kamar faso.

Sai da na zo Beljiyam na gane abin da ya faru. A Burasel, titin Heyvaert ne matattarar tsofaffin motocin da ake lodawa a tashar jirgin ruwa ta Antwerp zuwa Kwatano da Legas. A nan na saba da wani dattijo ɗan Maroko mai gyaran kujeru. Kafin ya taɓa tabo, sai ya ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan fatar ya tsaya yana kallo. In ɗigon ya zauna bai nutse ba, ya san fatar mai fenti ce, an lulluɓe ta da siririn bawo irin na roba, kuma yawancin kujerun mota haka suke. Wannan bawon ne fetur da kananzir ke narkarwa. Shi ruwa mai ɗumi yake amfani da shi, da sabulu marar kaifi da buroshi mai laushi, kumfa kawai yake sa wa fatar, ya goge nan take. In maiƙo ne, ya barbaɗa hoda ko garin sitaci, ya bar shi ya kwana. Tabon biro kuwa, in ya tsufa, ba ya kokawa da shi. Sabon launi yake haɗawa ya shafe wurin.

Tabon mutanen Beljiyam ma daban ne: kofi, rinin wandon jins, gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara. Namu manja ne da goro da lalle da rinin shadda, ga ranar Afrilu da ke mai da cikin mota tanda, ga ƙurar hunturu da ke cin fata kamar yashi. Kujerarmu ta fi tasu buƙatar lallashi, amma ita ta fi shan dirza.

Abin yana damuna, domin aikin fata ba baƙo ba ne a wurinmu. Kasuwar shanun Mubi sananniya ce har cikin Kamaru, majemanmu kuma tun kaka da kakanni suke jima da bagaruwa. Sai dai fatar baduku tana shan mai, ta mota ba ta sha. Wanda ya shafa mata man kaɗanya, ƙura kawai ya tara.

Ban ga laifin yaron nan ba, ba wanda ya taɓa nuna masa. Masu mota, ku ajiye tsumma mai tsabta a aljihun ƙofa, ku goge abu tun yana ɗanye, ku nemi inuwar darbejiya ku faka. In kun kai wanki, ku faɗa da bakinku: kada fetur ya taɓa kujera.