Ta faɗi, ta tashi, ta ce ba komai

Duk mai kallon finafinan Turawa ya san wannan hoton: jarumi ya taho a guje bisa dusar ƙanƙara, ya yi tsalle, ya dira lafiya lau. Ni dai tun 2009 na daina kallon sa da sha'awa, saboda abin da ya sami Natasha Richardson, 'yar wasan Ingila da ta fito a matsayin uwa a fim ɗin The Parent Trap, kuma matar jarumi Liam Neeson.

Ran 16 ga Maris na shekarar ta na koyon wasan zamiyar ƙanƙara a Kanada, a gangaren 'yan koyo ma, sai ta faɗi ta bugu a ka. Ba ta da hular kwano. Ta miƙe garau, ta ce ba ta buƙatar likita. Can an jima ciwon kai ya taso. Ran 18 ga wata ta rasu a Niyok, ta na da shekara 45.

Me ya faru? Jini ne ya riƙa tsiyaya a cikin ƙoƙon kai, ya na taruwa ya na danne ƙwaƙwalwa. Mai irin wannan rauni ya kan yi hira har da dariya kafin ya kife, alhali in an yi masa aiki da wuri ya na iya tashi.

Kowane nau'in wasan da inda ya ke cin mutum. Masu dogayen katakai biyu gwiwa su ke lalatawa. Masu faffaɗan allo guda wuyan hannu su ke karyawa, don da hannu su ke tare faɗuwa. Gajerun katakan nan da ba su kai mita ɗaya ba, da yawan su ba su sakin ƙafa in an faɗi, sai ƙwauri ya murɗe ya karye. Amma duk wannan ana ɗori a warke.

Na kai shi ne abin tsoro. Michael Schumacher, gwanin tseren mota, ya na sanye da hula ya bugi dutse a Faransa a 2013, bai sake fitowa bainar jama'a ba. Jarumin Faransa Gaspard Ulliel ya rasu a 2022 bayan karo da wani mai zamiya.

Mai karatu, wanda ya bugu a ka, a ƙanƙara ne ko a kwalta, kada ka yarda da "ba komai" ɗin sa. Kai shi asibiti, ko da ya na yi maka faɗa.