Lise a Niyok: tsakanin sunan makaranta da tsawon hanya

Elhaji mutumin Maraɗi ne, haifaffen Bagalam. A shekarar 1992 ya sauka birnin Niyok na Amurka, ya kafa tebur a bakin titi na 125 cikin unguwar Harlem, yana sayar da huluna da jakunkuna tare da sauran ƴan Nijar, Hausawa da Zabarmawa. A watan Oktoba na 1994 magajin gari Rudolph Giuliani ya sa ƴan sanda suka kori masu tebur daga titin, aka mai da su wata kasuwa a titi na 116. Wannan bai hana Elhaji barci ba, don ɗan kasuwa ya saba da tashi da zama. Abin da ya hana shi barci har kwana uku, shekara 25 bayan haka, wata ƴar takarda ce da ƴarsa ta fari ta kawo daga lakwal a watan Oktoba na 2019.

Yarinyar tana da shekara 13, tana aji na takwas, wato ajin da ake fita daga shi a shiga lise. A Niyok akwai lise guda takwas na gwamnati waɗanda ba a shigarsu don yaro yana zaune kusa, ba a kuma shigarsu da kuɗi ko da sanin wani. Amurkawa suna kiran irin waɗannan makarantu da sunan maganaɗisu, saboda suna jawo yara masu ƙwazo daga kowace kusurwa ta gari. Ƙofarsu guda ce: jarrabawa ta Ingilishi da lissafi, wadda a 2019 ta kasance ta awa uku, tambaya 114. Wata doka ta jihar Niyok ta 1971 ce ta ɗaure tsofaffi uku daga cikinsu, Stuyvesant da Bronx Science da Brooklyn Tech, da wannan jarrabawa. Yara fiye da 25.000 ke zama kowace shekara, waɗanda ake ɗauka ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kafin a san sakamako ake jera makarantun bisa ga yadda ake son su, kuma wuri guda tak ake ba yaro: makarantar farko cikin jerinsa wadda makinsa ya kai. In aka sa wata a sama kuma maki ya kai ta, an rufe zancen sauran. Wato ciniki ne da ake ƙullawa tun ba a ga kaya ba, abin da Elhaji bai taɓa yarda da shi a kasuwa ba.

Shi dai Stuyvesant yake so a sa a farko. Ita ce mai mafi tsananin maki, an kafa ta tun 1904, kuma tana can kudancin tsibirin Manhatan, bakin kogin Hudson, cikin unguwar masu hali. Mutum ne da karatun allo kawai ya yi, ya kuma ga yadda waɗanda suka shiga lakwal a zamaninsa suka zama manyan ma'aikata a Yamai, yana kai masu gaisuwa a ofis. A ganinsa, wanda Allah ya ba ƴa mai kai irin wannan, ya kuma zaɓa mata ta biyu da hannunsa, ya yi butulci. Yana da wata hujja kuma, wadda ba ta rasa nauyi ba. Gidansu yana kudancin Bronx, kusa da titi na 167, kuma a watan Yuni na 2018 ƴan daba sun jawo wani yaro ɗan shekara 15 daga cikin kanti a unguwar Belmont ta Bronx ɗin, suka kashe shi da adduna a bakin titi. Tun daga ranar Elhaji yake cewa duk awar da yarinya ta yi a wajen Bronx riba ce.

Hajiya ba ta musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kitso take yi a wani shago a Harlem, kuma shekarunta na dawowa gida da dare cikin jirgin ƙasa na cikin gari, wanda suke kira metro, sun koya mata abin da taswira ba ta nunawa. Ta ce, "Elhaji, ka lissafa mini. Awa guda zuwa, awa guda dawowa. A watan Disamba rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi. In ta tsaya wani aiki bayan an tashi, cikin duhu za ta ratsa garin nan tun daga ƙasa har sama. Ta zo ta ci abinci, aikin gida na awa uku yana jiran ta. Yaushe za ta je wajen malam? Yaushe za ta yi barci?"

Maganar da ta fi tsaya masa a rai ita ce ta unguwa. Shi yana auna unguwa da tsabtar titi da yawan ƴan sanda. Ita kuwa da idanu take aunawa. Tsakanin tashar titi na 167 da ƙofar gidansu akwai mai kanti ɗan Gambiya, akwai matar da ke sayar da abinci ƴar Gine, akwai dattawan da ke zama bakin masallaci bayan la'asar, kuma duk sun san ƴar wane ce. In ta yi jinkiri, ko aka gan ta da wanda bai kamata ba, labari zai riga ta isa gida. Can bakin kogin Hudson titi fes yake, amma in ta faɗi a kansa ba wanda zai iya kiran sunan ubanta. Duk ma'aikacin da aka taɓa ɗauke shi daga Tawa aka kai shi Difa, ya tsaya yana shawarar ko ya tafi da yaransa ko ya bar su hannun dangi, ya san wannan awon.

Akwai kuma adadin da jaridun garin suka yi ta bugawa a watan Maris na wannan shekara: cikin yara 895 da aka ba wuri a Stuyvesant, bakwai ne kawai baƙaƙen fata. Baƙaƙe da ƴan asalin Latin Amurka su ne wajen kashi biyu cikin uku na ɗaliban lakwal ɗin gwamnati a Niyok, amma wajen kashi goma cikin ɗari na wuraren lise takwas ɗin suke samu. Fiye da rabi ƴaƴan mutanen Asiya ke ɗauka, da yawansu ƴaƴan talakawa baƙi, waɗanda iyayensu ke tsuke baki su biya darasin share fage na Asabar da Lahadi. Magajin gari Bill de Blasio ya nemi a soke jarrabawar a 2018, majalisar jiha ba ta bi shi ba. Elhaji da ya ji bakwai, cewa ya yi to ƴarsa ta zama ta takwas. Hajiya ta ce ita abin da take gani shi ne yarinya mai lulluɓi zaune ita kaɗai a wurin cin abinci har shekara huɗu. Gaskiya kowannensu ya faɗa, sai dai ɗaya yana kallon ranar fita, ɗaya tana kallon kwanakin da ke tsakani.

Wadda Hajiya take so ita ce Bronx Science, da ke arewacin Bronx a titi na 205, kusa da tafkin ruwan Jerome Park. Ba ƙaramar makaranta ba ce: an kafa ta a 1938, kuma a lokacin mutum takwas da suka fita daga cikinta sun riga sun ci kyautar Nobel, Claudia Goldin ta zama ta tara a 2023. Jirgi mai lamba 4, wanda ke bi bisa gada a wannan yanki, yana kai mutum can daga gidansu ba tare da canji ba. Wahalar karatu kuwa kusan duk ɗaya ce. Elhaji ya san haka, amma ya daɗe a kasuwa yana ganin yadda suna ke ƙara wa kaya kuɗi.

A dare na uku ne aka tuna da mai abin. Uban ya kira ta ya tambaye ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, duk wadda kuka sa zan yi ƙoƙari." Da ya matsa, sai ta ce abu guda ne ke damun ta: in tana dawowa bayan magariba, wa zai riƙa duba wa ƙannenta biyu aikin lakwal, tunda Inna ba ta shigowa sai ƙarfe tara? Elhaji bai taɓa sa wannan cikin lissafinsa ba, don bai san ma ita ke yi ba. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ɗauki biro ya miƙa mata. Aka rubuta Bronx Science a farko, Stuyvesant a bayanta, wanda kusan daidai yake da cire ta, tunda makinta ya fi tsanani.

Sakamako ya fito a watan Maris na 2020, an ɗauke ta. A watan nan kuma, ranar 16, annobar korona ta sa aka rufe dukan lakwal ɗin gwamnati na birnin. Kasuwa ta tsaya, shagon kitso ya rufe, Bronx tana cikin yankunan da suka fi yawan mamata. Yarinyar da aka kwana uku ana gardama kan hanyarta ta yi shekararta ta farko ta lise a teburin cin abinci, gaban kwamfuta, ƙannenta suna gefe. Makinta yana rubuce cikin takardar sakamako, kuma iyaye a Niyok sukan san inda kowace makaranta ta tsaida nata. Elhaji ya naɗe takardar ya sa cikin akwati, bai tambayi kowa ko ta kai na Stuyvesant ba.

A watan Satumba na 2021, da aka koma aji gaba ɗaya, ya raka ta ranar farko. Ya tsaya bakin makarantar yana kallon manyan motoci suna sauke yara daga yankin Queens, yaran da iyayensu ke biyan kuɗin mota, waɗanda suka baro gida tun da asuba, wasu suna ta hamma. Da ya koma gida Hajiya ta tambaye shi tasha nawa ce. Ya ce takwas, ya ƙidaya. Ya ɗan tsaya kamar zai yi zancen motocin, sai ya ɗauki hularsa ya nufi kasuwa.