Zumunta A Ƙafa Take, Ko Da Ta Waƙa Ce

Tun kafin Bahaushe ya san majigi ya san take. Sarki yana da takensa, wanda in 'yan kakaki suka busa shi ko makaho ya san wanda ke tafe. Ɗan dambe yana da nasa, haka mahauci in kalangu ya yi magana, haka kuma manomi a wurin gayya. Take shi ne ɗan gajeren kiɗan nan da ke kiran mutum ba tare da an ambaci sunansa ba, ya tsuma shi har ya ji bai iya zama. Saboda haka sa'ad da fim ya shigo ƙasar nan da kiɗan da ake buɗe shi da shi, ake kuma maimaita shi duk lokacin da jarumi ya bayyana, jama'a ba su sha wahalar gane shi ba. Taken fim ne. Abin da nake so in tattauna da masu karatu a wannan mako shi ne yadda waɗannan take-take da waƙoƙin finafinai suka zama abin ƙulla abota a garinmu na Jos, da kuma abin da ya kamata mu yi don kada igiyar ta tsinke a hannunmu.

Wanda bai san Jos ba zai yi mamakin yadda kiɗan fim ya sami wannan matsayi. Dalili kuwa a fili yake. Jos gari ne da haƙar kuza ta tara. Tun farkon ƙarni na 20 mutane suka yi ta kwararowa tsaunin nan neman abinci, Hausawa da Ibo da Yarbawa da Urhobo da sauransu, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere, kowa da harshensa, kowa da kiɗan gidansu. Mutanen da suka taru haka suna bukatar wani abu da ba na ƙabilar kowa ba, wanda kowa zai iya cewa nasa ne ba tare da an yi masa gori ba. Gidan silima ya ba su wannan. A zamanin da Rex da Kwararafa suke tashe, lebura da akawu da tela da ɗan makaranta duk a inuwa guda suke zama, allo ɗaya suke kallo, in an tashi kuma da waƙa ɗaya suke fita a baki.

Iyayenmu su ne suka ci wannan zamani sosai, kuma daga bakinsu muka ji labarinsa. Sun kalli Mother India na 1957, wanda Naushad ya tsara wa kiɗa, sun yi kuka tare da Nargis alhali ba su jin ko kalma ɗaya ta harshen Hindu. Sun kalli Sholay na 1975, suka haddace kiɗan da R. D. Burman ya yi masa. Sun laƙaba wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, kamar dai wani ɗan unguwarsu. A ɓangaren finafinan kaboyi kuwa, babu yaron da bai iya fiton nan na The Good, the Bad and the Ugly ba, fim ɗin 1966 wanda Ennio Morricone, mutumin Italiya, ya yi wa take. Wani kawuna ya sha gaya mini cewa in an tashi daga silima da dare, ga hunturun Jos mai shiga ƙashi, samari sukan taka a ƙasa ayari guda, wannan ya ɗauko baiti wancan ya amsa, har kowa ya kai ƙofar gidansu. Ya ce waƙar ita ce bargonsu, ita ce kuma fitilarsu.

Jos ba ta tsaya ga karɓar na waje kawai ba, ita ma ta ba ƙasa nata taken. A nan ne hedkwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979. A nan ne kuma aka shirya wasan talabijin ɗin nan na manoma, Cock Crow at Dawn, wanda aka fara nunawa a farkon shekarun 1980, inda marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Bitrus. Waƙar buɗe wasan, wadda Bongos Ikwue ya rera, ta zama tamkar ƙararrawa a gidajen da ke da akwatin talabijin daga Sakkwato har Kalaba. Da an ji ta yara sukan watsar da wasa su ruga gidan maƙwabci, ba mai tambayar addinin mai gidan. Har gobe in ka kunna ta a gaban mutumin Jos da ya haura shekara hamsin, za ka ga ya yi shiru ya tafi wani wuri mai nisa.

To, yaya ake ba aboki waƙa a wancan lokaci? Da wahala ake bayarwa, shi ya sa take da daraja. Mai garmaho yakan gayyato abokai ɗakinsa a zauna a saurari faifai, domin faifai ba abin yawo da shi ba ne. Da kaset ya zo, sai mutum ya aro rikoda biyu, ya sayi sabon kaset na minti 60 ko 90, ya zauna ya zaɓi waƙoƙin da ya san za su shiga ran abokinsa, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kana ya rubuta sunayensu da biro a jikin kwalin. Aikin yini guda ne. Wani kuma katin zaɓe zai saya ya aika gidan rediyo, ya jera sunayen abokansa, ya yi mako biyu ko uku yana kasa kunne ko za a karanta. Wanda aka yi wa haka ya san an yi tunaninsa, ya san an ɓata lokaci dominsa.

Mu da muka taso a ƙarshen shekarun 1990 mun riski wutsiyar wannan zamani. Gidajen silima sun fara ja da baya, bidiyo ya shiga ɗakuna, finafinan Hausa irin su Sangaya sun fito da nasu waƙoƙin, ga kuma Kuch Kuch Hota Hai na 1998 wanda ya mamaye kowane shagon aski. Mu biyar ne muke tafiya tare tun muna firamare: ni da wani Bahaushe ɗan'uwana, da ɗan Birom, da ɗan Ibo, da Bayarabe. Ba mu san ranar da abin ya fara ba, amma kowannenmu ya wayi gari da takensa. Ɗan Birom ɗin nan, da yake mahaifinsa yana noman dankalin Turawa, waƙar Cock Crow at Dawn muka ba shi. Bayaraben, saboda rawar kansa, ya sami kiɗan Disco Dancer na 1982, wanda Bappi Lahiri ya tsara. Ɗan Ibo ya zaɓar wa kansa busar sarewar nan ta Titanic, muka yi ta yi masa dariya, bai fasa ba. Ɗan'uwana Bahaushe ya ɗauki busar da Amitabh Bachchan ke yi da ɗan abin busan baki a cikin Sholay. Ni kuwa, da yake dogo ne siriri, fiton kaboyi aka ɗora mini. In ɗayanmu ya zo ƙofar gidan wani ba ya aika yaro, takensa kawai zai yi da fito, sai ka ji uwar gida daga ciki tana cewa, "Tashi ga abokinka nan ya zo."

Ranar Juma'a 7 ga Satumba, 2001, aka yi abin da aka yi a Jos. Ba sai na tsaya bayani ba, domin duk ƙasa ta ji. An rasa rayuka masu yawa, an ƙone gidaje da wuraren ibada. A watan Fabrairu na 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone, watau wurin da ya fi ko'ina haɗa mutanen gari. Rikici ya sake tashi a Nuwamba 2008, ya kuma dawo a Janairu 2010. Kowane tashi sai ya ƙara tsage garin. Wanda yake zaune cikin waɗanda ba addininsu ɗaya ba sai ya sayar da gida ko ya yi musaya, ya koma inda 'yan'uwansa suka fi yawa. Aka wayi gari akwai unguwannin da wane ba ya shiga da dare, akwai waɗanda wane ba ya shiga ko da rana. Mu biyar ɗin nan muka watsu. Biyu suna wajen Unguwar Rogo da Gangare, sauran sun koma wajen Jenta da Tudun Wada. Tafiyar da ba ta fi ta minti ashirin ba ta zama kamar ƙetare kogi.

A cikin rikicin 2010, sa'ad da aka kafa dokar hana fita dare da rana, muna kulle a gida ba mai iya leƙa ƙofa, sai wayata ta yi ƙara. Na ɗauka na yi sallama, ba a amsa ba. Can sai na ji ana fito a hankali, fiton kaboyi, takena. Da ya kai ƙarshe sai muryar abokina ɗan Birom ta ce, "Dogo, kana nan? Su Mama fa, suna lafiya?" Na ce muna nan da rai, na tambaye shi Baba da ƙannensa. Maganar ba ta kai minti biyu ba. A irin wannan rana akwai abubuwan da baki ba ya iya furtawa. Ba zai iya ce mini ba ya cikin masu yi ba, ni ma ba zan iya ce masa haka ba, domin faɗar ma kanta zargi ce. Fiton nan shi ya faɗi duk abin da ake bukata, cewa shi ne dai wanda na sani, ni ma ni ne dai wanda ya sani.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa waƙar fim tana kashe gobara ko tana sasanta rikicin filaye da sarauta da siyasa. Wannan aikin hukuma ne da shugabanni da malaman addinai biyu. Abin da waƙa take iyawa ƙarami ne, amma ba a raina shi. Tana tuna wa mutum cewa wancan da ake kira "su" ya taɓa zama kusa da shi a benci ɗaya, sun yi dariya a wuri ɗaya, sun share hawaye a wuri ɗaya. Mutumin da ka san takensa yana da wuya ka yarda a ce maka dodo ne.

Sai dai akwai abin da ke damuna game da yau. Ba a taɓa samun sauƙin ba da waƙa kamar yanzu ba. Mun ga zamanin masu turi, inda za ka miƙa memori a cika maka shi da ɗaruruwan waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan, ga shi yanzu da danna yatsa ɗaya waƙa ta isa Landan. Amma abin da ya zo a banza a banza yake tafiya. Mutum ya tura wa mutum hamsin waƙa ɗaya a lokaci guda, ba wanda ya zaɓa dominsa, waɗanda aka tura wa ma rabinsu ba za su buɗe ba. Kowa ya toshe kunnensa da abin sauraro yana jin nasa shi kaɗai. A gari irin Jos wannan sauƙi yana da haɗari, domin yana ba mutum damar ya ce yana zumunci alhali shekara biyar bai taka unguwar abokinsa ba.

Rasuwar Lata Mangeshkar ranar 6 ga Fabrairu, 2022, tana da shekara 92, ita ta sa mu biyar muka sake shiri. Kwanaki kaɗan bayanta Bappi Lahiri ya bi ta. Muka yi ta tura wa juna waƙoƙinsu, har Bayaraben namu ya ce, "Jama'a, wannan gaisuwar mutuwa ce, kuma ba a yin ta daga nesa. Ku zo shagona." Daga nan muka ɗora al'adar haɗuwa sau ɗaya a wata, da sharuɗɗa uku. Na farko, kowa zai zo da kiɗa ko waƙa ɗaya tak, ya faɗi fim ɗin da ta fito, da wanda ya tsara ta, da dalilin da ya sa ya zaɓe ta. Na biyu, in an kunna ba mai magana ba mai taɓa waya sai ta ƙare. Na uku, wanda shi ne ginshiƙin abin, zaman yana zagayawa gida gida. Wannan wata mu ne za mu hau Jenta, wata mai zuwa su ne za su gangaro Gangare. Mai masauki yakan fito bakin titi ya tari baƙinsa, maƙwabta su gan su tare, yara su gaishe su. Yanzu 'ya'yanmu sun san sunayen juna, har ƙaramar 'yata ta iya taken ɗan Ibo, in ta hango shi sai ta fara busa shi tana dariya.

Na san akwai dattawan da za su ce wannan duk shiririta ce, mutum da iyali ya zauna sauraron kiɗan Indiya da na kaboyi. Ina girmama ra'ayinsu, kuma gaskiya ne ba kowace waƙa ce ta cancanci a shigar da ita gida ba, dole a yi zaɓe. Amma ina tuna musu cewa Bahaushe bai taɓa ƙyamar karin waƙa mai daɗi don daga nesa ya zo ba. Masu bandiri a Kano sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya sun ɗora yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A zamanmu ma ba mu manta da na gida ba, sau da yawa da kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, muke rufewa, kuma a cikinmu ɗan Birom ɗin nan ya fi kowa haddace waƙoƙinsa.

Shawarata ga mai karatu, ko a Jos yake, ko Kaduna, ko Kafanchan, ko duk wani gari da rikici ya raba unguwanninsa, ita ce ya zauna ya tuna abokin da suka taɓa kallon fim tare, wanda yau hanya ta raba su. Ya tuna waƙar da abokin nan yake so. Kada ya tura masa ita. Ya sa ta a aljihu, ya sa takalminsa, ya je ya yi sallama a ƙofar gidansa su saurara tare. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, kuma zuwan waya bai soke wannan magana ba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya bar mu da abokan arziki, amin.