Bayan Ƙafa Ta Gama Aikinta: Yadda Muka Zaɓi Motar Komawa Daga Santiago

Duk wanda ya saba sauraron labarin masu ziyarar ibada da ƙafa zai lura cewa labarin yakan ƙare ne a ƙofar wurin da aka nufa. Mai ba da labari zai faɗi yawan kwanakin da ya yi a hanya, da duwatsun da ya hau, da hawayen da ya zubar ranar da ya isa, daga nan sai ya yi shiru, kamar dai iska ce ta ɗauke shi ta dire shi a ƙofar gidansu. A wannan ɗan rubutu ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin ɓangaren da ake tsallakewa, wato ranar da mutum zai zauna da kumburarriyar ƙafa da ragowar guzuri, ya yi lissafin abin hawan da zai mai da shi inda ya fito.

A watan Agusta na shekarar 2023 na samu shiga ayarin matasan Nijeriya da suka halarci Taron Matasan Duniya na ɗariƙar Katolika a Lisbon, babban birnin Fotugal. An yi taron daga ranar 1 zuwa 6 ga wata, kuma marigayi Fafaroma Francis ne ya rufe shi. Jama'ar cocinmu ne suka yi karo-karo suka biya mini kuɗin jirgi. Da aka tashi daga taron, sai mu uku muka nemi izinin shugaban ayari mu taka da ƙafa zuwa Santiago de Compostela da ke arewa maso yammacin Sifen, inda aka yi imani kabarin manzo Yaƙub yake. Akwai ni, ɗan ƙabilar Ibo wanda ya koyi Hausa a aji. Akwai wata malamar asibiti daga Yola da nake kira Yaya, sai wani dattijo katakis daga Jos da dukanmu muke kira Baba. Hausa muke yi a tsakaninmu, kuma gaskiya Hausar da na tsinta a bakinsu cikin waɗannan kwanaki ta fi ta zangon karatu guda.

Daga birnin Porto muka ɗaga ranar 8 ga wata. Tsakaninsa da Santiago kimanin kilomita 240 ne, muka cinye su cikin kwana 11, muna bin kibiya mai ruwan ɗorawa da aka zana a jikin bango da duwatsu. Muka ratsa Barcelos da Ponte de Lima, muka haye kogin Minho daga Valença zuwa Tui, wanda shi ne iyakar ƙasashen biyu, sannan Redondela, Pontevedra, Caldas de Reis da Padrón. A masaukin gwamnati na yankin Galicia, Yuro 8 muke biyan gado a lokacin. Kowa yana riƙe da wata 'yar takarda da ake buga mata hatimi a coci ko masauki ko gidan shayi, domin a lokacin mai tafiya da ƙafa sai ya nuna shaidar ya taka aƙalla kilomita 100 na ƙarshe kafin a ba shi takardar kammalawa da ake kira Compostela. Mutane fiye da 440,000 ne suka karɓe ta a wannan shekarar, mu ma muka karɓi tamu ranar Juma'a 18 ga wata.

Murna ba ta daɗe ba sai lissafi ya tashi. Jirginmu na komawa Legas zai tashi daga Lisbon ranar Litinin da dare, bizarmu kuma za ta ƙare washegari. Manyan akwatunanmu suna gidan wasu bayin Allah da suka sauke mu lokacin taro. Tsakanin Santiago da Lisbon kuwa akwai kimanin kilomita 540. Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka kowa ya zazzage aljihunsa a kan gado, muka ƙirga, duka-duka Yuro 170. A ciki za mu ci abinci, mu biya kwanan daren, mu biya mota. A tuna cewa a watan Yuni na wannan shekarar ne aka saki darajar Naira ta bi kasuwa, har Yuro ɗaya ya haura Naira 800, kuma a lokacin katin bankinmu na Naira ba ya aiki a ƙasar waje. Babu wanda za mu buga wa waya a gida mu ce ya turo. Sannan abin da ya fi kuɗi nauyi shi ne wa'adin biza. Shugaban ayari ya sa hannu cewa za mu koma, kuma mun san idan ɗayanmu ya wuce kwana ɗaya, waɗanda za su nemi biza a bayanmu ne za su ɗanɗana kuɗarsa.

Hanyoyi huɗu ne a gabanmu. Ta farko jirgin sama. Farashin da ya fara bayyana a waya yana da daɗin gani, amma na kujera ne kawai. Da muka ƙara kuɗin jakar goyo, da kuɗin motar zuwa filin jirgi da ke bayan gari, da sandunan tafiyarmu da ba a yarda a shiga da su cikin jirgi ba sai dai a biya a sa su a kaya, sai muka ga kuɗinmu bai ko kama ƙafarsa ba. Nan take muka rufe wannan babi.

Ta biyu jirgin ƙasa, kuma ita raina ya fi so, domin mutum yana iya miƙe ƙafa ya zaga. Sai dai babu jirgin da ke tafiya kai tsaye. Dole a hau ɗaya zuwa Vigo, a can a kama wanda ake kira Celta, mai zuwa Porto sau biyu kacal a rana, safe da yamma, sannan a hau na uku zuwa Lisbon. Ga shi birnin Vigo tashoshi biyu gare shi, Urzáiz da Guixar, kuma daga Guixar Celta ke tashi. Wanda jirginsa ya sauke shi a ɗayar sai ya saɓa jakarsa ya gangara da ƙafa. Jirgi uku, tikiti uku, kamfani biyu na ƙasashe biyu. Idan na safe ya wuce ka, ka yini a Vigo.

Ta uku ita ce shiga motar wani mai zaman kansa da ke da wurin zama, a raba kuɗin mai, kamar yadda ake yi ta manhajar BlaBlaCar. Tana da sauƙin kuɗi, amma samun kujera uku a mota ɗaya a watan hutu ba abu ne mai sauƙi ba, kuma mai mota yana iya fasa tafiyarsa. Baba ya ce shi ba zai ɗaure wa'adin bizarsa a jikin niyyar mutumin da bai sani ba.

Ta huɗu ita ce bas. Kamfanonin ALSA da FlixBus suna zuwa Porto da Lisbon daga tashar Santiago, wadda tun 2021 aka mayar kusa da tashar jirgin ƙasa. A nan ne muhawara ta kaure, domin bas ɗin ma iri biyu ne. Akwai mai tafiyar dare har Lisbon, awa takwas ko fiye a zaune, akwai kuma na safe zuwa Porto inda za a sauka a canja mota.

Yaya ta tsaya a kan na dare. Hujjarta mai ƙarfi ce: wanda ya kwana a mota ya huta da biyan gado, ga shi za mu iya tashi a daren nan. Ni ma da farko na ga hikimar, domin na saba da manyan motocin dare da ke tashi daga Onitsha su kwana a hanya su wayi gari a arewa. Baba bai ce komai ba. Yana zaune a bakin gado ya tsoma ƙafafunsa cikin roba da ruwan gishiri. Tun daga hawan dutsen Labruja, bayan Ponte de Lima, gwiwarsa ta dama take kumbura, ga bororo a tafin ƙafa. Na san halin dattijon, kunya ba za ta bar shi ya ce a kashe kuɗi saboda shi ba.

Na ce, "Yaya, ke ce malamar asibiti. Ƙafar da ta kumbura haka, in aka naɗe ta a ƙarƙashin kujera dare guda, jibi kuma a sake naɗe ta a jirgin sama, me zai faru?"

Ta dubi ƙafar, ta yi shiru. Can ta durƙusa ta danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya loɓa ya daɗe bai dawo ba. Ta ce, "Baba, me ya sa ba ku faɗa mini ta kai haka ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ai wanda ya zo neman lada ba ya ƙirga ciwo."

Ta ce, "To ni zan ƙirga muku. Ƙanena, duba mana na safe."

Da muka zauna da biro da takarda, sai lissafin ya nuna abin da ba mu zata ba. Motar dare za ta sauke mu Lisbon da asuba, lokacin da ba za mu iya buga ƙofar masu masaukinmu ba, sai mun zauna a tasha muna sayen shayi mai tsada. Kujerun da suka rage a cikinta kuma sun yi tsada, domin a can farashin tikiti yana hawa ne yayin da mota ke cika, ba kamar tasharmu ba inda kuɗin mota ɗaya ne ga kowa sai dai a yi ciniki da ɗan kamasho. Tikiti biyu, na Santiago zuwa Porto da na Porto zuwa Lisbon, da aka haɗa su da kuɗin gadon dare ɗaya, kaɗan suka ɗara na dare. A madadin wannan ɗan bambanci, Baba zai kwana a miƙe, zai samu awa biyu a Porto ya taka ƙafarsa, za mu isa Lisbon ranar Asabar da yamma inda gado kyauta ke jiranmu, kuma Lahadi za ta zame mana rarar kwana ko da wani abu ya faru a hanya.

Saura matsala ɗaya. Farashi mai sauƙin a intanet yake, intanet kuma kati take so, mu kuwa tsabar kuɗi ke hannunmu. A nan na gane cewa araha ma tana da nata sharuɗɗan, kuma sau da yawa wanda ya fi bukatarta shi ne ba shi da su. Wani mutumin Brazil da muka yi kwana biyar muna haɗuwa da shi a masaukai, wanda Yaya ta taɓa ɗaure wa ƙafa a Redondela, shi ya fid da mu. Ya sayi tikitocin da katinsa, muka ƙirga masa kuɗinsa a hannu. Ya kuma ja hankalinmu ga wani abu: agogon Fotugal yana bayan na Sifen da awa ɗaya, kuma kowace tasha lokacin ƙasarta ake rubutawa a tikiti. Tafiyar da ta yi kama da awa uku a takarda, kusan huɗu ce a kujera.

Da safe muka hau. Ban taɓa jin abin da na ji a wannan motar ba. Ban gama gyara zama ba sai ga allon Padrón, garin da muka baro jiya da asuba muka yi rabin yini kafin mu iso. Caldas de Reis ta wuce, Pontevedra ta wuce, muka haye doguwar gadar Rande kusa da Vigo, muna hango ruwan da muka gani daga kan tudun Redondela. Kogin Minho da muka tsaya a tsakiyar tsohuwar gadarsa muka yi addu'a, motar ta haye shi ta sabuwar gada kafin Baba ya gama ɓare lemo. Kwana 11 suka koma awa huɗu. Da farko abin ya ɗan sosa mini rai, kamar an rage darajar wahalarmu. Amma da na lura da sauran fasinjoji, sai na ga su allo kawai suke gani, mu kuwa kowane suna akwai abin da muka sani a bayansa: inda ruwanmu ya ƙare, inda wata tsohuwa ta ba mu tumatir daga lambunta.

A tashar Campanhã ta Porto muka sauka, Baba ya zaga a hankali, muka ci burodi da kifin gwangwani. Mota ta biyu ta yi kilomita 300 da 'yan kai cikin awa uku da rabi, ta sauke mu a tashar Oriente ta Lisbon, wadda tasha uku ce kawai tsakaninta da filin jirgi a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ranar Litinin muka tashi da ragowar Yuro 20 da 'yan canji, da kwana ɗaya a jikin bizarmu.

A darasin tarihin Hausawa an koya mana labarin alhazan da, waɗanda suke tashi da ƙafa su bi ta Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, suna yada zango suna noma ko sana'a don su tara guzuri, tafiyar ta ɗauki shekaru. Da yawa daga cikinsu ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yau. Dalilan zamansu suna da yawa, amma tun da na dawo nake karanta wannan darasi da sabon ido, domin na ɗanɗana yadda komawa take cin nata guzurin daban, a lokacin da ƙarfi da aljihu duk sun yi ƙasa.

Shawarata ga duk ɗan'uwa ɗalibi da zai yi irin wannan tafiya, ko a wace ƙasa ce kuma ko wane addini yake bi, ita ce ya ware kuɗin komawa tun kafin ya ɗaga ƙafa, ya ɗaure shi daban kada ya taɓa. In ya zo zaɓen mota, kada ya tsaya ga lambar da ke jikin tikiti. Ya haɗa da kuɗin kaya, da na zuwa tasha, da wurin kwana, da lokacin da motar za ta sauke shi, ya bar rarar kwana ɗaya kafin duk wani wa'adi da ba a ɗagawa. Sannan ya dubi ƙafar wanda ya fi kowa rauni a cikin ayarin kafin ya yanke shawara, domin ba lallai ne mai ciwon ya yi magana ba. Allah ya kai kowane matafiyi inda ya nufa, ya kuma dawo da shi gida lafiya.