Ɗan Alhaji da karatun kututture

Alhaji ya so ɗansa ya gaji shago a babbar kasuwar Maraɗi. Yaron kuwa, da ya kammala lisansi a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, sai ya zarce mastar, wai zai nazarci yadda ƙasa da ruwa da doka da ɗan Adam suke ɗaure da juna.

"Wannan kuma wace haja ce?" in ji Alhaji.

Bai yi musu ba. Wata Lahadi ya kai tsohon gonarsu ta hanyar Tsibiri, ya nuna masa gawo da kalgo. "Baba, wa ya dasa waɗannan?" Babu. An daɗe ana dashe da kuɗin Turawa, akasari yana mutuwa, sai a 1983 Tony Rinaudo na mishan SIM ya lura kututturan da ake sassabewa suna da rai: a bar 'yan rassa, a datse sauran. Amma wane manomi zai reni itacen da in ya sara, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara? Da aka sassauta wannan, sassabin zamani ya game kimanin hekta miliyan 5.

A Jiratawa ya nuna masa rijiyoyin noman rani, waɗanda Gulbi ke ciyarwa ta ƙarƙashin ƙasa, Gulbin da aka datse a Jibiya. Shekara talatin Alhaji yana bin hanyar nan da kaya, bai taɓa haɗa madatsar can da zogalar nan ba.

Washegari ya biya kuɗin rajista. Zancen shago dai bai bari ba.