Hukuncin Da Ya Fi Mutuwa Ciwo: Darasi Daga Wasan Mashaya Jini



Akwai tambayar da ke tasowa duk lokacin da muka zauna tattauna labari: idan mugu ya gama sheƙe ayarsa, me za a yi masa? Amsoshin da aka saba ji ba su wuce uku ba: hatsarin mota, hauka, ko ciwon ajali a babin ƙarshe. Yau muna so mu leƙa wani wuri mai nisa, mu ga yadda wasu suka ɓullo wa lamarin.

A 1991 kamfanin White Wolf na Amurka ya fitar da wasan Vampire: The Masquerade, wanda Mark Rein-Hagen ya ƙirƙira. Asalinsa ba wasan kwamfuta ba ne. Mutane ne ke zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin mashayin jini, wato matattun nan na tatsuniyoyin Turawa masu tashi da dare suna rayuwa da jinin mutane, sai mutum ɗaya ya riƙe ragamar labarin. Daga baya aka fitar da wani nau'insa, Mind's Eye Theatre, inda 'yan wasa ke sa kaya su cika zaure suna kwaikwayo ba tare da rubutaccen zance ba.

Masu tsara wasan sun ci karo da irin matsalarmu. Halittar da ba ta tsufa, da me za a hore ta? Ɗaurin shekara goma wasan yara ne ga wanda ya shekara ɗari uku a duniya. Sai suka nemi abin da ya fi ƙauna, suka tarar mutuncinsa ne a idon 'yan uwansa.

A ƙungiyarsu mai suna Camarilla, kowane birni yana da Yarima, akwai kuma dokoki shida da aka gada, na farkonsu shi ne kada ɗan Adam ya san da wanzuwarsu. Amma wanda ake shakka a zaman yau da kullum shi ne mai muƙamin Harpy. Ba ya riƙe makami. Aikinsa ya lura da wanda ya yi katoɓara a fada, wanda ya ci bashin alfarma bai biya ba, wanda ya ɗaga wa babba murya, sannan ya faɗa a bainar jama'a. Maganarsa kaɗai tana rage wa mutum daraja.

A littafin dokokin da By Night Studios ya fitar a 2013, faɗuwar hawa-hawa ce. Da farko a ja maka kunne: ba ka da ikon fara yi wa mai muƙami magana a taro sai shi ya fara. Ka sake, a zubar maka da mutunci, har ɗaukar makami a gaban manya ya haramta gare ka. Ka ci gaba, a yi watsi da kai, wanda duk ya hallaka ka ba shi da laifi. Ko Yarima bai cika gaggawar shelar farautar jinin mai laifi ba, don ita ce hukuncin ƙarshe.

Me ya sa wannan ya fi kisa amfani? Domin idan aka kashe ɗan wasa labarinsa ya ƙare, ya koma gida. Wanda aka kunyata kuwa dole ya dawo zama na gaba, ya tsaya a zauren da kowa ya san abin da ya yi. Daga nan ƙulli da neman fansa da lallashi ke farawa.

Mu da muka tashi cikin al'ummar da ake cewa mutunci madara ne, idan ya zube ba ya kwasuwa, ai mun fi kowa sanin wannan makami. Mu ɗauka Alhajin cikin labarinmu ya cinye gadon marayu. Maimakon tirela ta take shi, mu kai shi ɗaurin aure a ƙi matsa masa a tabarma. A mako na gaba majalisa ta yi tsit da isowarsa. Sannan dangin mai neman 'yarsa su aiko a mayar musu da kayansu. Babi uku ke nan, kowanne ya fi na baya zafi, kuma yana raye yana ji.

Sai dai mu lura, wasan bai ce wannan hukunci adalci ba ne. Harpy na iya kau da kai daga laifin tsohon da yake tsoro, ya huce a kan sabon shiga marar gata. Haka abin yake a unguwanninmu: bakin da ke yafe wa mai kuɗi shi ke bin bazawara da ƙazafi. Labarin da ya nuna wa ke riƙe da bakin gari, da kuma wanda yake ƙyalewa, ya fi wanda ya tsaya ga wa'azi kawai.

Ga aikin wannan mako: kowa ya rubuta shafi ɗaya da za a hukunta wani ba tare da an taɓa jikinsa ko aljihunsa ba. A nuna mana wa ya fara juya masa baya, da abin da ya rasa washegari. Allah Ya ƙara wa alƙalaminmu albarka.