Kayana sun yi kwantai a Jita

A watan Fabrairun bara na kwashe kwana goma sha ɗaya ina gadin kayan da suka ƙi sayuwa. Kullum in na dawo daga makaranta, tun kafin in cire rigar sanyi nake buɗe kwamfuta in duba, sai in tarar ba wanda ya taya, wani ma ya zo ya kasa irin nawa ƙasa da farashina. Sunan kasuwar Jita, kuma ba ta cikin taswirar duniyar nan. Tana cikin wani wasan kwamfuta mai suna EVE Online. Na san akwai mai karatun da zai ce, 'yar shekara 28 da aka turo Ingila yin digiri na uku, me ya haɗa ta da wasan yara? Ni ma na sha yi wa kaina wannan tambayar.

Hunturuna na farko a arewacin Ingila ne ya kai ni. Kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe gari, ɗakina kamar akurki, ga ba kowa da zan yi Hausa da shi sai ta waya. Wata 'yar Poland da muke ofis ɗaya, da ta ji fannina tattalin arzikin noma ne, ta ce akwai wasan da ya kamata in gani. Kamfanin CCP da ke Reykjavik a ƙasar Iceland ne ya fitar da shi a 2003, kuma a 2007 har masanin tattalin arziki suka ɗauka aiki, Eyjólfur Guðmundsson, don ya riƙa lura da kasuwar cikinsa. Yawancin jiragen da ake tuƙawa da makaman da ake harbawa 'yan wasa ne ke ƙera su, su ne kuma ke sa farashi. Tun daren farko kasuwar ce ta ɗauke mini hankali.

Sararin wasan ya kasu tsakanin manyan dauloli huɗu: Amarr, Caldari, Gallente da Minmatar. Kowace daula tana da kamfanoni, kowane kamfani yana da wakilai masu ba da aiki: je ki kori 'yan fashi, kai wannan kaya tasha kaza, haƙo mana ma'adini. In an gama sai a biya mutum da kuɗin wasan, wato ISK, a ƙara masa da wani maki da 'yan wasa ke kira LP, ni kuwa makin biyayya nake ce masa. Ba a cefane da makin nan a kasuwa. Sai dai a kai shi kantin kamfanin da ya bayar, a haɗa da ISK, wani lokaci da wasu kayan da suka gindaya, su ba da hajarsu ta musamman, sannan a ɗauka a kai kasuwa. Makin Caldari Navy ba ya aiki a kantin Sisters of EVE. Don haka tun kafin ki fara wa wani aiki, sai kin leƙa kantinsa kin ga ko abin da ke ciki zai fitar da ke.

Abin ya wuce nishaɗi a wurina ne saboda kuɗin wata. Ana iya yin wasan kyauta, amma manyan jirage da manyan ayyuka sai mai biya. Akwai hanya ta biyu: a tara ISK a sayi wani abu mai suna PLEX, guda 500 su biya kwana talatin. Ni kuwa kowane fam da ya shigo hannuna yana da mai shi tun kafin ya iso. Bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarje mini in yi aiki a mako lokacin karatu, a gidan kula da tsofaffi nake yin su, kuma daga ciki nake tura kuɗin makarantar ƙanena. Na yi wa kaina alkawari ba zan cire ko fam ɗaya in ba wasa ba, wasan ne zai biya kansa.

Sai na buɗe Excel, tunda abin da na iya ke nan. Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki farashin kaya a Jita, a cire haraji da la'ada, a cire ISK ɗin da kanti ya karɓa da kuɗin kayan da ya nema, abin da ya rage a raba shi da yawan makin da aka kashe. Amsar ita ce darajar maki ɗaya. A lokacin, in maki ya ba ni ISK 1,000 na gode, in ya kai 2,000 kuwa ranar biki ce. Na jera kaya sama da ɗari daga kantuna shida, sai ga wata na'ura da ake dasa wa matuƙi a ka ta fito a saman jadawali da fiye da 3,000. Mako shida na yi ina yi wa kamfanin da ke sayar da ita aiki. Na juye makina kaf, na haɗa da kusan duk jarina, na ɗauko guda goma sha biyu. A kwana goma sha ɗaya biyu kacal na sayar.

Ranar Lahadi muna waya da Umma ta ce muryata ba daidai take ba. Da wasa na ce, "Umma, kaya ne suka yi mini kwantai."

"Ke da kika tafi karatu, yaushe kika fara sana'a?"

Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Ba dai caca ba ce ko?" Na ce a'a, kuɗin ciki ba ya fitowa waje, masu wasan ma korar mutum suke in sun kama shi yana sayar da ISK da kuɗin gaske. Da hankalinta ya kwanta sai 'yar kasuwar ta motsa. Umma ta haura shekara ashirin tana saro atamfa da leshi a Kantin Kwari tana sayarwa a gida.

"To, a rana guda nawa ake saye?"

Na yi shiru.

"Masu irin kayan naki su nawa ne a wurin?"

Nan ma shiru. Ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, akwai wani leshi a durowata tun azumin bara. A baki ya fi kowane kaya riba. Amma 'yar atamfar da nake cin ɗari biyar a kai ita ke ciyar da gidan nan, don ba ta kwana uku."

Muna gamawa na buɗe tarihin cinikin na'urar. Wasan yana nuna shi ƙarara, kwana bayan kwana, ni ce ban taɓa dubawa ba. Ɗaya ko biyu ake saye a rana, wata rana ko ɗaya, ga masu sayarwa sun fi ashirin kowa yana karya farashin ɗan'uwansa. Farashin da na sa a jadawalina na masu kasa kaya ne, abin da masu saye ke tayawa bai kai rabinsa ba. Hangen Dala na yi na ɗauka na shiga birni. Abin kunyar shi ne babi na biyu na kundina a kan wannan matsalar yake, yadda farashin da ake ambata a kasuwar hatsi ta ƙauye ke bambanta da abin da manomi ke karɓa in ya kawo buhu goma a rana ɗaya.

Na karyar da sauran goman, na sake jadawalin daga tushe. Yanzu abin da nake fara dubawa shi ne yawan cinikin rana, kuma ba na ɗaukar abin da ya wuce ɗan kaso na abin da kasuwa ke shanyewa. Hakan ya mayar da ni kan kayan da ke ƙarewa. Harsashi da makamai masu linzami na Caldari Navy ribarsu kaɗan ce, sai an kawo na gama-gari guda 5,000 kafin a musanya, amma kullum ana harba su, kullum ana nema. Haka na'urorin laluben sarari na Sisters of EVE, waɗanda masu yawon bincike ke asara tare da jiragensu su dawo su sake saye. Na koyi ƙirga nisa ma. Wakilin Sisters da ke Osmon ba shi da nisa da Jita, amma wanda kantinsa ke can ɓangaren Amarr ko Gallente sau da yawa sai ya bi da kayansa ta Uedama, inda 'yan fashi ke tare jiragen dako. Kantunan sojojin sa-kai na yaƙin dauloli, irin su State Protectorate, suna ba da maki da yawa, sai dai a yankin da kowa zai iya harbo ki ake samun sa, kuma in makin ya yi yawa a hannun jama'a darajarsa faɗuwa take.

Akwai kuma abin da ba ya shiga Excel. Bayan kowane aiki 16 ana ba mutum wani aiki na musamman da ke ɗaga ƙimarsa a wurin daular da yake bauta wa, ya kuma zubar da ita a wurin abokan gabarta. Caldari da Amarr tafiyarsu ɗaya, Gallente da Minmatar ma haka. In ƙimarki ta faɗi ƙasa da -5 a wurin wata daula, sojojinta harbinki za su yi da zarar kin shiga yankinsu. Ana iya gyarawa, amma aiki ne mai cin rai. Ina cikin karanta wannan na tuna shekara ukun da na yi ina koyarwa a gida, waɗanda ba su ƙara mini komai ba lokacin da nake neman aiki a nan. Na kuma tuna cewa shekarun da nake yi a gidan tsofaffi ba za su shiga takardar ƙarin girmana ba in na koma. Da yawanmu a nan haka muke, muna tara maki a kanti ɗaya alhali ba mu yanke shawarar inda za mu kashe shi ba.

Lissafin ƙarshe da na yi na lokaci ne. Ko da sabon tsarina, sai na yi kusan awa talatin a wata kafin in haɗa kuɗin PLEX 500. Kuɗin watan in da fam zan biya bai kai ladan awa biyu na aikina ba. Na san ba zan iya mayar da awa talatin ɗin aikin kuɗi ba, biza ta hana. Amma daga wani wuri nake yanko su, kuma da na duba sai na ga daga kundina ne. A watannin nan uku ko shafi goma kirki ban rubuta ba, ga malamina ya fara tambaya cikin ladabin nan na Turawa mai sa gumi. Takardar da zan wallafa kuwa ita ce kaɗai hajar da nake da ita da za ta sayu a nan ta kuma sayu a gida.

Ban bar wasan ba, don shi ya raka ni hunturu biyu kuma ina da abokai a ciki. Na dai koma na kyauta lokacin karatu. In an yi hutu, ana kuma barina in ƙara awannin aiki, sai in biya wata ɗaya da fam ba tare da na ji na ci amanar kowa ba. Makina na Sisters of EVE yana nan ajiye, ba ya ruɓewa. Babi na biyu na miƙa shi a watan Yuni, kuma a shafin godiya na sa sunan Umma. Da na gaya mata sai ta ce in dai da gaske nake, in turo kuɗin leshin nan in ɗauke mata shi daga durowa.